Tafin Baba a Gaban Dalar Maya

Shekarun baya kaɗan, shekarar da Baba zai ajiye aiki a jami'a, ni da shi muka yi wata tafiya da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a cikin mota. Jiya wata ƙawata ta turo min saƙo wai za su Meziko ita da mijinta, in ba ta shawara tunda na taɓa zuwa. Na fara yi mata saƙon murya, na ga abin ya ƙi ƙarewa, na ce bari kawai in rubuta a nan kowa ya samu.

Ga waɗanda ba su san mu ba, a Madina na girma. Baba injiniyan gine-gine ne, ya daɗe yana koyarwa a nan. Ni ce babba a gidan, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kirana da komai sai "Uwata". Mutum ne mai nauyi, ya'ni irin dattijan nan. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ban taɓa ganin ya ci abu a tsaye ba, ban kuma taɓa ganin ya yi tafi ba. Ranar bikin gama jami'ata duk iyaye suna ta raf-raf-raf, shi yana zaune hannu a kan gwiwa yana "Masha Allah, tabarakallah." In ka tambaye shi sai ya ce tafi na mata ne, namiji tasbihi yake yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A ofishinsa akwai wani hoto da ya yanko daga kalanda tun yana ɗalibi a Zariya. Dala ce ta dutse, mai matakala ta kowane gefe, da ɗan ɗaki a samanta. A Chichen Itza take, tsohon birnin mutanen Maya da ke Meziko. Ya ce ranar da ya fara ganinta dalar gyaɗa ta Kano ta tuna masa. Hoton ya koɗe har sararin samaniyar ya koma kore-kore, amma duk ofishin da aka mai da shi sai ya ɓamɓaro abinsa ya tafi da shi. Kowace shekara yana ba sababbin ɗalibai labarinta, wai in ka tsaya a gaban matakalar ka tafa hannu, ƙarar za ta dawo maka kamar kukan tsuntsu, saboda yadda maginan suka jera duwatsun.

To wata shekara wani ɗalibi mai ɗan banzan surutu ya ɗaga hannu ya ce, "Ya duktur, kai ka ji da kunnenka?"

Baba ya ce a'a, karantawa ya yi. Aji ya kwashe da dariya. Ya dawo gida yana ba mu labarin yana murmushi kamar ba komai, amma Umma ta ce ranar rabin tuwonsa ya bari a kwano.

Sai ga shi a shekararsa ta ƙarshe an gayyace shi taron injiniyoyi a Kankun, wani gari na bakin teku a Meziko, kuma jami'a ce za ta biya. Daga Kankun zuwa dalar tafiyar 'yan awanni ce a mota. Kowa a gidan ya san me hakan ke nufi. Da ya yi ritaya iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, shi da Umma za su koma Kano. Daga can ba wanda zai sake ɗaukar nauyinsa zuwa wancan ƙarshen duniya, gwiwarsa ma ba za ta yarda ba. In bai ga dalar nan a wannan tafiyar ba, khalas, shi da ita sai a hoto.

Umma ta ce ba inda za shi shi kaɗai. Ni kuma lokacin ban daɗe da samun lasin tuƙi ba, ina ji da kaina, na ce ni ce direba, ni ce tafinta, ni ce komai. Biza ta ba mu wuya, sai da muka yi ta jeka-ka-dawo da takardu, don haka duk mai niyya ya fara nema tun da sauran lokaci. Amma ta fito.

A filin jirgin Madina Umma ta danƙa min leda cike da dabino, wanda wani abokin Baba ke kawo mana daga gonarsa a Awali.

"Ki riƙe a jakar hannu. Ban san me suke ci a can ba." Sai ta juya wajen Baba. "Alhaji, ni dai har yanzu ban gane ba. Ka bar Madina ka tafi kallon gidan gumaka."

"Gini za ni kallo, Hajiya. Gumakan sun daɗe da tashi."

"To Allah ya kiyaye. Ke kuma ban da gudu da mota, ba titin Sulɗana na nan Madina ba ne."

Muka sha jirgi har na manta wace rana ce. Taron ya yi kyau, Baba ya gabatar da takardarsa, ni kuma ina bakin teku ina ta ɗaukar hoto ina tura wa ƙawaye don su ji haushi. Rana ɗaya tak muke da ita ta kanmu, washegarinta da yamma jirginmu zai tashi. Na yi hayar mota, na duba hanya, na duba gidajen mai, na saita alƙibla a waya. Wallahi na shirya.

Da safen ranar, bayan mun yi asuba, muna zaune a barandar otal muna shan shayi sai muka ga manyan motoci sun jeru, Turawa suna ta shiga da gajerun wanduna da gorunan ruwa. Na tambayi ma'aikacin otal ina za su, ya ce wurin dalar. Ni da Baba muka kalli juna.

"Yanzu?" in ji Baba. "Su isa can rana na tsakiyar ka?"

"Ba su san rana ba, Baba."

"Allah sarki. Bayin Allah."

Sai ɗan Madina zai gane wannan tausayin da muka ji musu. A nan wa ke fita yawo kafin la'asar? Da rana gari kamar an share, kowa na cikin sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. In an yi la'asar shaguna su buɗe, a fita da yara, a tafi gona a shimfiɗa darduma. Biki ma sai bayan isha. Mu a jikinmu fita shan iska da yamma take farawa. Ko a mafarki ban taɓa kawo cewa akwai wurin da mutane ke zuwa kallo daga ko'ina a duniya, kuma a rufe shi rana ba ta faɗi ba. Shi ya sa cikin duk abin da na duba, lokacin rufewa ne kaɗai ban duba ba. Baba ma bai tambaya ba. Shi ne ma ya tsara mana: mu ci abincin rana, mu haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne, ya ɗan miƙe ƙafa, sannan mu kama hanya mu isa daidai rana ta yi sanyi.

Hanyar miƙaƙƙiya ce, daji kore shar dama da hagu, irin koren da idon ɗan Madina bai saba da shi ba. Baba yana gaba cikin farar jallabiyarsa da hula, sai zuba yake. Ban taɓa jin ya yi magana mai yawa haka ba. Yana ta min bayanin yadda suka ɗaga duwatsu ba ƙarfe ba inji, ni ina "na'am, Baba" ina kallon titi. Da muka yi nisa sai muka fara cin karo da motocin nan na safe suna dawowa, ɗaya bayan ɗaya, mutanen ciki sun yi jajir sun langaɓe a jikin taga.

Baba ya daki gwiwarsa don daɗi. "Kin gani, Uwata? Sun sha rana sun gudu. Mu za mu samu wurin fayau."

"Tamam, Baba. Mu ne masu dabara."

Fayau ɗin kam mun samu. Filin ajiye motoci saura 'yan tsiraru. Masu sayar da tsaraba suna naɗe kayansu. Na ce a raina kai, yau kasuwa ba ta ci ba. Muka doshi ƙofa Baba na gaba, har da ɗan saurinsa, sai wani mai gadi ya ɗaga mana hannu. Ya nuna agogonsa, ya nuna wani allo, ya ce, "Manyana." Gobe ke nan. An daina shiga.

Na ji kamar an watsa min ruwan ƙanƙara. Na shiga roƙo irin wanda na iya, irin na Madina. A nan in ka ce dattijo ne, daga nesa ya zo, Allah ya ji ƙan iyayenka, sau da yawa sai a ce yalla ku wuce da sauri. Na yi da Turanci, na yi da hannu, har Larabci ya kuɓuce min ina ce masa "ya shaikh". Na nuna masa Saudiyya a taswirar waya, na ja yatsa har Meziko don ya ga nisan. Mutumin kirki ne, ya dafa ƙirji, ya sunkuya wa Baba, amma ƙofa ba ta buɗu ba. Na ce to ko leƙe ne daga nan? Ba a hango komai. Bishiyoyi sun tare.

Na waiga na ga Baba ya ɗan ɗaga dunduniya yana leƙen tsakanin ganyaye. Da ya ga ina kallonsa sai ya sauke, ya gyara hularsa.

"Khalas, Uwata. Rabu da bawan Allah, aikinsa yake. Wani abin hotonsa ne rabonka."

Ya juya ya nufi mota a hankali, gwiwar da ya manta da ita ɗazu ta dawo. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na tsaya na karanta allon nan da kyau, abin da ya kamata in yi tun a Madina. Da hantsi suke buɗewa. Jirginmu sai yamma. Kayanmu da fasfo suna otal a Kankun. Na lissafa a kaina, na ga in Allah ya so za ta yiwu, amma da ƙyar.

Na shiga mota na ce, "Baba, a nan za mu kwana."

"A ina?"

"Akwai ɗan gari nan kusa, mun wuce shi. Da safe mu ne farkon shiga."

"Ke Uwata, kayanmu fa? Jirgi fa? Ko kayan canji ba mu da su."

"Maganinka yana jakata. Dabino yana jakata. Me ya rage?"

"In jirgin nan ya tafi ya bar mu, me zan ce wa jami'a? Me zan ce wa uwarki?"

"Ka ce Uwarka ce ta hana ka tafiya. Ai ba a yi wa uwa musu."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya kalli bishiyoyin nan. Sai ya ja bel ya ɗaura, ya ce, "Ja mu je, kafin in dawo hankalina."

Muka samu ɗakuna biyu a wani ƙaramin masauki na wata dattijuwa. Wajen abinci na nuna wake, don ya yi min kama da na gida. Allah ya sa na rubuta mata a waya cewa ba ma cin alade, wayar ta fassara. Ta zaro ido ta janye kwanon, ashe da kitsen alade suke soya waken. Wannan ku riƙe shi da kyau, ko abu ba nama a ciki ku tambayi da wane mai aka yi. Ta dafa mana ƙwai, ta kawo wata 'yar gurasar masara mai zafi, muka haɗa da dabinon Umma. Baba ya ba ta dabino cikin tafin hannu, ta ci ɗaya ta lumshe ido ta kira mijinta ya zo ya ɗanɗana.

A nan Madina ta sake yi mana aiki. Jallabiyar Baba ta sha gumi, sai ya wanke ta ya shanya a baranda. A gida in ka shanya kaya, kafin ka gama shan shayi sun bushe ƙayau. Can kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Da asuba na ji ƙwanƙwasa, na buɗe na gan shi tsaye cikin jallabiya sharkaf, ta manne masa a kafaɗa.

"Kar ki ce komai," ya ce. "Za ta bushe a jikina."

Ba ta bushe ba har muka bar ƙasar.

Muka isa ƙofa ba a ma buɗe ba, mutane kaɗan ne a gabanmu. Mai gadin jiya ya hango mu ya washe baki ya ɗaga mana babban yatsa. Baba ya sayi malfa a wurin wata mata, ya ɗora a kan hularsa. Ga farar jallabiya, ga malfa, ga carbi. Muna cikin layi na ga ya sa hannu a leda ya ɗauki dabino ya jefa a baki. A tsaye! Na yi kamar ban gani ba. Wurin tikiti na'urar kati ta yi ta gardama, Allah ya taimaka ina da kuɗin ƙasar a hannu.

Daga ƙofa za ka bi wata 'yar hanya cikin bishiyoyi. Masu tsaraba suna ta kwance kaya, tsuntsaye na kuka, ƙasa na ƙamshin raɓa. Muna tafe muna tafe, sai bishiyoyin suka ƙare kawai, fili ya buɗe, ga ta nan.

Jama'a, hoto ƙarya yake yi. Na girma ina ganin dalar nan a bangon ofis, amma da na gan ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar ciyawa, hasken safe ya bugi gefe ɗaya, sai da tsigar jikina ta tashi. Na fara ihu ƙasa-ƙasa, "Baba! Baba ga ta! Wallahi ga ta!" kamar shi bai da ido.

Shi kuwa sai ya cire tabarau ya goge da jallabiyar da ta fi tabaran jiƙa, ya mayar. Can ya ce, "Subhanallah. Ashe haka kike." Da dalar yake magana.

Muka zagaya ta a hankali. An kewaye ta da igiya, ba a hawa, an daɗe da hanawa. Baba ya ce alhamdu lillahi, da gwiwarsa ta tona masa asiri a gaban Turawa. Wasu manyan ƙadangaru kamar damo suna kwance a kan duwatsu suna shan hantsi, ko gezau. Yana ta nuna min inda aka gyara da inda aka bari yadda aka same shi, yana auna kusurwa da yatsu, ni kuma na ƙagu.

"Baba, tafin fa?"

Ya yi gyaran murya. "To. Tafa mu ji."

Na ajiye jaka na tafa. Ba komai. Wata 'yar amsa-kuwwa dai irin ta kowane bango. Na sake, da ƙarfi. Shiru.

Na kalli Baba na ga fuskarsa ta canza. Nan take na gane abin da yake tunani. Shekara da shekaru yana faɗa wa yaran mutane abu, ya tsallako rabin duniya cikin jiƙaƙƙiyar riga, a ce ƙarya ce? Da hakan ai gara ƙofar nan ba ta buɗe ba.

Sai ya ɗaga kai ya kalli dalar, ya kalli inda nake tsaye. Injiniyan ya farka.

"A'a. A kusurwa kike. Me zai dawo miki da ƙara a nan? Zo." Ya kama gefen mayafina ya ja ni har muka yi saitin matakalar sosai, tana kallonmu muna kallonta. "Ja baya. Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya nan. Yanzu tafa."

Na ce bismillah na tafa.

Kyuu!

Daga can saman matakalar ta dawo, siririya, mai kaifi, sak kukan tsuntsu. Na daka tsalle. Na sake tafawa, kyuu! Na ce, "Baba ka ji? Ka ji? Ya Allah, ka ji?"

"Na ji kamar wani abu," ya ce. "Amma hannunki ba ƙarfi. Tafin 'yan gayu kike yi."

Ya duba dama. Ya duba hagu. Ba kowa kusa sai wasu tsofaffin Turawa biyu can nesa da ƙadangare ɗaya. Ya miƙo min carbinsa. Ya naɗe hannun riga. Ni kuwa tuni na zaro waya.

Baba ya tafa.

Hannun Baba faffaɗa ne, ƙarar ta fita kamar an fasa faranti, tsuntsun ya amsa da ƙarfi, KYUU! Baba ya yi baya kamar an ture shi. Ya sake. Ya sake. Ya yi biyu a jere, tsuntsu ya amsa biyu. Ya matsa gaba ya gwada, ya ja baya ya gwada. Sai dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, malfa ta karkace, hawaye na bin gemu. Tsofaffin Turawan nan suka matso, ya kama koya musu inda za su tsaya, da Turancinsa na aji. Kafin ka ce me, su uku sun jeru suna ta tafi kamar 'yan gaɗa.

Na kira Umma ta bidiyo. Tana ɗagawa ta fara, "Tun jiya ina ta..." sai ta tsaya. Na juya mata kyamara.

"Wane ne wancan mai malfar?"

"Mijinki ne, Umma."

"Me yake yi?"

"Abin da kika gani."

"La ilaha illallahu. Alhaji! Alhaji, tafi kake yi?"

Baba ya juyo, ya ga waya, ya sauke hannu a hankali ya mai da su baya. Ya gyara malfa. Ya ce, "Hajiya, wannan ba tafi ba ne. Gwaji ne na kimiyya."

Umma ta yi dariya har wayar ta faɗi, muna ganin silin ɗin falo. Da ta ɗauko na ba ta labarin ƙofar jiya a gurguje, ta ce ai ga irinta nan, mutum biyu masu digiri sun rasa mai karanta allo. A bayanta muna jin ƙannena suna shirin fita, ashe can an idar da la'asar. Baba ya ce, "To kin ji. Ai da la'asar ɗin muka shiga. Ta Madina."

Ba mu daɗe ba motocin nan suka fara sauke mutane. Kafin rana ta ɗaga sosai filin ya cika maƙil, kowane ɗan rakiya yana tafa wa ayarinsa, masu tsaraba suna busa wani abu mai gurnanin damisa, na farko da na ji sai da na ɓuya a bayan Baba. Tsuntsun ma ba ka jin sa sosai cikin hayaniyar. Ga zafi. Ni da nake taƙama 'yar Madina ce, zafi ba ya ba ni tsoro, sai ga ni ina neman inuwa. Namu zafin busasshe ne, yana gasa ka ya bar ka. Nasu dafa ka yake cikin rigarka. Ruwanmu ya ƙare tas. Muka leƙa wani dogon fili mai bango biyu inda suke wasan ƙwallo a da, muka ce to, haka nan, sai hanya.

A mota ina ta murna muna da isasshen lokaci. Muna kusa da Kankun na kalli waya na ga agogo ya yi tsalle da awa guda. Na ɗauka wayar ce ta rikice, na duba ta Baba, ita ma haka. Ashe jihar da dalar take da jihar Kankun agogonsu ba ɗaya ba ne, a lokacin da muka je dai haka yake. Awar da nake taƙama da ita ta tafi. Umma ta ce ban da gudu, Allah ya ba ta haƙuri. Muka faɗa otal, na watsa kaya cikin akwati ko ninkewa babu, muka mai da motar haya, muka shiga filin jirgi ana kiran jirginmu. Gudu kam Baba bai yi ba, kar in yi masa ƙarya, amma saurin da ya yi ranar ya kusa. Muna zama a kujera aka rufe ƙofa. Ya sauke numfashi, malfa a cinya, ya ce, "Uwata, tura min gwajin nan a wayata."

A darasinsa na ƙarshe ya ba ɗalibai labarin dalar kamar kullum. An ce da ya kai wurin tsuntsun sai ya dakata, ya bi ajin da kallo ko akwai mai tambaya. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce, "To ko ba ku tambaya ba, na ji da kunnena."

Don haka ƙawata, da duk mai niyya: ki kwana kusa da wurin, ki kasance a ƙofa kafin a buɗe. Ruwa ya fi wanda kike zato za ki sha, takalmi mara tsini, malfa ko lema, kayan canji ko da kin ce ba kwana za ki yi ba. Wurin salla ba za ki samu a shirye ba, ki tafi da 'yar dardumarki. Ki duba agogon jihar da jirginki zai tashi. In kin zo tafi ki tsaya saitin matakala. Sannan don Allah ki karanta allo. Ni na tafi da taswira da alƙibla da komai, amma agogon Madina na ɗauka a jikina ban sani ba, kuma ya kusa sa mahaifina ya koma Kano da hoto kawai. Har yau in zan je baƙon wuri, abin da nake fara tambaya shi ne yaushe mutanen nan suke rufe ƙofa.

Su Baba suna Kano yanzu. Tsohon hoton kalandar ni ya bar wa, yana manne a jikin firjina. A falonsa kuma wani ne a rataye, shi da malfa, hannu biyu a haɗe, baki buɗe. Umma ta ce duk baƙon da ya tambaya, amsar ɗaya ce, gwaji ne na kimiyya. Watannin baya aka yi saukar karatun ƙanwata, aka turo min bidiyo. Iyaye na ta raf-raf-raf, Baba na zaune hannu a kan gwiwa yana "Masha Allah." Na kira shi na ce, Baba, ko ɗan gwaji ɗaya ba za ka yi mata ba?

Ya ce, "Uwata, a zauren nan akwai matakala?"